Keken da Ya Bi Hannun Agogo

A duk layin nan na bakin kasuwa babu wanda bai san Mai Agogo ba, kuma babu wanda ya taɓa karɓar agogonsa a ranar da aka yi masa alkawari. Ka kai masa agogon da ya faɗa ruwa, zai maƙala ɗan gilashin nan a ido ɗaya, ya ɓalle bayan agogon, ya leƙa, ya ja tsaki kamar kai ka tura shi ruwan da gangan, sannan ya ce ka dawo jibi. Jibinsa kuwa yana da tsawo. Wurin aikinsa akwatin gilashi ne a kan tebur, a rakuɓe tsakanin shagon aski da shagon mai fitilu, cike da agogunan da masu su suka gaji da zarya suka bar wa Allah. Amma aikinsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani, shi ya sa ake zaginsa ana dawowa.

Shan inna ce ta same shi tun bai iya magana sosai ba, ta tafi da ƙafafun ta bar masa sauran jikin. Abin da ƙafa ta rasa sai ya tattaru a sama: ƙirji faffaɗa, damatsa irin na mai faskare, ga yatsun da ke iya ɗaukar ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba. Shi ne auta a gidansu, kuma Yayarsa ce ta raine shi. Ita ta riƙa goya shi zuwa makaranta har ƙafafunsa suka fara jan ƙasa a bayanta, da aka samo keken guragu ta koma turawa. Tun daga wancan lokaci magana ɗaya ce a bakinta: a hankali. In zai sha shayi, a hankali. In zai sauko daga gado, a hankali. Ranar da ya yi aure ma abin da ta ce da amarya ke nan, ta bi da shi a hankali, alhali mutumin nan yana ɗaga buhun siminti ya ɗora a cinya yana hira. Yanzu furfura ta fito masa, 'ya'yansa sun girma, amma duk shekara sai Yaya ta saƙa masa rigar sanyi, ko da ana zafin da kwalta ke narkewa.

Saƙa ita ce sana'arta, kuma ta nan wani abu ya shiga tsakaninsu wanda bai taɓa faɗa mata ba. A makarantarsu, ranar wasanni, akan ja zaren ulu a ƙarshen fili, wanda ya fara isowa ya tsinka shi da ƙirji. Zaren daga jakar Yaya yake fitowa. Malamin wasanni, don kada yaron ya ji an ware shi, sai ya ba shi aikin riƙe bakin zaren, ɗaya bakin a ɗaure a jikin sanda. Malam ya ɗauka karramawa ce, Yaya ma haka, har wanka na musamman take yi masa ranar. Shi kuwa ya tsani ranar nan har cikin ransa. Yana zaune zai hango yara sun taho, ya ji ƙasa na rawa, ya ji zaren ya fizge daga yatsunsa, a ɗauki wani a kafaɗa a tafi da shi, a bar shi da guntun ulu a hannu. Haka aka yi har ya gama makarantar. Ya san yadda zare yake a yatsa, abin da yake so ya sani shi ne yadda yake a ƙirji.

Ya girma ya binne maganar, har wata rana da hantsi talabijin ɗin mai aski ta tono ta. Talabijin ɗin a saman ƙofa take rataye, tana kallon cikin shago, don haka babu mai ganinta kai tsaye. Wanda ake wa aski a madubi yake kallo, mai askin ma a madubi, Mai Agogo kuma in ya karkata kai daga teburinsa, babban madubin nan ne ke kawo masa komai. Shekara da shekaru a haka yake kallon ƙwallo, har ya ƙware a karanta rubutu a juye. Ranar nan sai ya ga wasu mutane a durƙushe cikin dogayen kekuna masu taya uku, manya biyu a baya sun buɗe ta ƙasa, ƙarama ɗaya can gaba, suna naushin tayun da hannu, suna gudun da ko babur sai ya yi da gaske. Agogon wani ɗan sanda ne a buɗe a hannunsa, bai san lokacin da ya ajiye shi ba.

Idon mai gyaran agogo ba ya raina ƙaramin abu. Ya lura duk sanda suka zo kwana sai kowa ya kai hannu ya doki wani ɗan ƙarfe a gabansa, tayar gaba ta karkata ta tsaya a haka, keken ya riƙa shan kwanar da kansa, hannu biyu na kan aikinsu. In an fita kwana a sake dokansa, keke ya miƙe. Ya kuma lura da wani abin da ya faranta masa rai ƙwarai: dukansu suna zagaya filin ne ta inda hannun agogo ke bi. Ya ce da mai aski ai dama haka ya kamata, duk abin da ke da hankali a duniya ta dama yake juyawa, ko ƙusa ta nan take shiga. Mai aski ya dubi madubi ya ce babu shakka.

Mijin Yaya mai walda ne, wani dogo mai ƙonannun gira, wanda suke wasa da Mai Agogo tun yana zuwa zance gidansu. Mai Agogo na ce masa Injiniya, shi kuma yana ce masa Auta, irin na matarsa. Injiniya yana da aƙida ɗaya a sana'a: bai yarda da noti ba. A ganinsa duk abin da aka ɗaure da noti wata rana zai kwance, wanda aka liƙe da wuta kuwa sai dai jikoki su gada. Da Mai Agogo ya zana masa keken a bayan kwalin batir, sai ya ce wannan ai aikin yini ɗaya ne. Suka shafe damina guda a kai. Tayun baya na wani keken tsere ne da mai shi ya yi ƙiba ya daina hawa, ta gaba ta keken yara ce, gangar jikin kuma bututun wani tsohon gadon ƙarfe ne da Injiniya ya jawo daga bayan ɗaki. Birki ma an sa, na keke, yana da ƙara sosai amma ba ya tsayar da komai. Ɗan ƙarfen kwana kuwa Mai Agogo ne ya haɗa shi da kansa, da sakatar ƙofa da sifirin na agogon bango, suka je filin makarantar firamare suka gwada har ya dace da kwanar dama daidai. Mai Agogo ya ce ko a sa masa noti don in ana son sauyawa. Injiniya ya tambaye shi a sauya zuwa ina, duniya ce za ta juya? Mai Agogo ya ga gaskiyarsa, aka kunna wuta aka liƙe.

Ranar gwaji na farko ya koyi darasin da ba a nuna a talabijin ba. Keken tsere duk nauyinsa a baya yake, dole mutum ya kifa ƙirji a kan gwiwa. Shi kuwa mutum ne mai gaisuwa. Yana cikin tafiya sai ga mai gadin makaranta, ya ɗago ya ɗaga hannu zai ce ina kwana, sai ga tayar gaba a sama, ƙeyarsa a ciyawa. Mai gadi ya amsa masa gaisuwar yana kwance. Daga ranar ya nemo hular kwano, ya yanka tsohon tib na taya ya naɗe safar hannu da shi, ya kuma daina kula kowa in yana kan keke, har aka fara cewa girman kai ya shige shi.

Sun so su ɓoye wa Yaya, amma gadon da Injiniya ya yanka nata ne, na aurenta, kuma fentin shuɗin nan da ta shafa masa da hannunta yana nan a jikin bututun. Ta zo shagon walda kawo abinci ta ga keken, ta daɗe tana kallonsa, ta dubi mijinta, ta dubi ƙaninta. Injiniya ya ja gilashin walda ya rufe fuska ko da yake wutar a kashe take. Ta ce yanzu gadon da ta haifi 'ya'yanta a kai suka mayar abin da Auta zai karya wuya da shi? Ta yi kwanaki ba ta yi musu magana ba, ta kuma ji tsoro na gaske, don ita har gobe ɗan yaron nan mai zazzaɓi take gani. Da ta ga ba zai bari ba, sai ta riƙa ɗaukar kujera da jakar saƙa tana zuwa filin da safe, ta zauna a bakin kwana. Duk zagayen da ya yi sai ta ce a hankali, shi kuma ya doki sakata ya wuce.

Haka ya yi ta zagaya filin nan ta dama, safiya bayan safiya, har hannunsa ya san kwana ba sai ido ya gaya masa ba. Masu agogo suka ƙara shiga uku, jibi ya koma wani mako. Matarsa ta ce ita dai babu ruwanta, tunda ya daina zama yana ƙorafin gishiri a miya. Sai kafaɗar dama ta fara ciwo, da fari in ya tashi daga barci, daga baya ko kofi zai ɗauka sai ya cije. Likita ta duba hoton ƙashi ta ce masa kafaɗar nan ta yi aikin ƙafa tun yana yaro, ta gaji, in ya ci gaba da naushin taya wata rana ko keken zuwa aiki ba zai iya turawa ba. A makon ne kuma aka yi sanarwa a rediyo za a yi gasar masu kekuna a babban filin wasa, har da tseren 'yan sha'awa, kowa ya zo da abin hawansa. Ya koma wurin likita ya roƙe ta. Ta ce sau ɗaya, daga shi ya rataye keken. Ya ce ya ji, shi ma ɗayan yake nema.

Ranar gasa, kamar yadda duk mai agogo a layin zai iya faɗa tun kafin ta zo, Mai Agogo ya makara. Sai da ya tsaya ya goge keken, Injiniya ya tsaya neman igiyar ɗaure shi a bayan motar ɗaukar kaya, Yaya ta koma ɗauko ulu. Suka iso ana kiran 'yan sha'awa su hau layi, ko zagayen ɗumama jiki bai samu ba. Aka tura shi ciki a gurguje. Tseren gajere ne: miƙe ɗaya, kwana ɗaya, sai miƙen ƙarshe. Ya gyara zama a layinsa, ya kifa ƙirji, ya ɗan saci kallon gefe, sai ya ga abokan tseren duk sun ba shi baya.

Mai kula da tashi wata mata ce mai usur a wuya, ita ma a keke take, ka gan ta ka ga tsohuwar 'yar tsere. Ta gangaro ta ce, "Baba, juyo da keken, nan ne gaba."

"'Yata, ku dai duba," in ji shi. "Ai ta dama ake zagayawa. Na gani da idona."

"A ina?"

Ya buɗe baki zai ce a talabijin, sai madubin mai aski ya faɗo masa a rai, da rubutun nan da ya saba karantawa a juye. Ya san madubi na juya rubutu, wannan ko yaro ya sani. Bai taɓa kawowa yana juya gudu ba. Aka ɗaga gaban keken aka juya shi, ya hango kwanar can gaba tana lanƙwasa hagu, sakatarsa kuma dama kawai take juyawa, an liƙe ta da wutar da jikoki za su gada. Ya waiwaya wurin 'yan kallo ya yi wa Injiniya alama da hannu. Injiniya ya ɗauka jinjina ce, ya ɗaga masa babban yatsa.

Mai usur ta duba sakatar, ta gane, ta danne dariya iyakar ƙoƙarinta. Ta ce in yana so ya janye, wata shekara ya gyara ya dawo. Shi ya san babu wata shekara. Ya ce zai yi, ba zai taɓa sakatar ba, in ya zo kwana da sitiyari zai bi a hankali. Ya ji kalmar ta fito daga bakinsa, ya ji haushin kansa.

Aka harba bindiga. Abin da ya faru a miƙen farko har yau Injiniya na ba da labarinsa ga duk wanda ya kawo ƙofa walda. Tsoho mai furfura a kan gadon ƙarfe ya wuce samari masu kekunan kanti, ya wuce wata budurwa mai keke ja da kowa ke cewa ita za ta ci, iska na shiga ta ƙasan hular kwano tana yi masa kuka a kunne. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin fili a buɗe a gabansa babu bayan kowa ba. Daɗi ya rufe shi, ya manta da kafaɗa, ya manta da madubi. Kwana ta zo, hannun da ya saba ya tashi da kansa ya doki sakata.

Keken ya yi abin da aka gina shi ya yi, babu ko kuskure. Kowa ya yi hagu, shi ya yi dama, ya ratsa layukan mutane ɗaya bayan ɗaya, birki na ihu ba ya kamawa, ya tafi kai tsaye ya nutse cikin katifun masu tsalle da aka jingine a jikin shinge. Fili ya yi tsit, da aka ga ƙafar keke na juyawa kuma hannu ya fito daga katifa, sai dariya ta ɓarke. Yana kwance fuska cikin soso ya ji tafi can nesa, an gama tseren. Kunya ta kama shi, irin wadda ya sani tun yana riƙe da zare.

Masu taimako suka sheƙo suka jawo shi. Ɗaya ya kama bayan keken zai tura shi waje.

"Sakar min keke," in ji Mai Agogo. "An tura ni ya isa."

Ya doki sakata ta koma tsakiya, ya koma kan fili. Yanzu kwanar ce gabansa, shi kaɗai, kuma keken ba ya son hagu ko kaɗan. Sai ya riƙa tura sau biyu, ya ɗan ɗago ƙirji tayar gaba ta tashi, ya jefa ta hagu, ya sake turawa, yana tafe yana tsalle kamar kwaɗo. Abin da ya kayar da shi gaban mai gadi shi ya koma masa dabara. Kowane turi kafaɗar na yi masa kamar ana soka ƙusa mai zafi. Dariyar 'yan kallo ta ragu, ta koma tafi, shi dai ba ya jin komai sai numfashinsa. Da ya fito miƙen ƙarshe ya ɗaga ido ya duba can gaba, sai ya ga ashe yanzu ba a jan zare. Farin layi ne kawai a ƙasa da na'urar hoto a gefe, har mai na'urar ya fara naɗe wayarsa.

Sai ya ga wata tsohuwa ta tsallake shinge, abin da ko a ƙuruciyarta ba ta yi ba, jakar saƙa na reto a hannunta, wani jami'i na bin ta yana ba ta haƙuri. Yaya ta cusa ƙwallon ulu a hannun budurwar da ta ci tseren, ta nuna mata gefe ɗaya, ita ta ja da baya zuwa ɗaya gefen riƙe da rigar sanyin da take saƙa masa, zare ya miƙe a tsakaninsu daidai ƙirjin mai keke. Ashe ta sani. Duk shekarun nan ta sani. Ta cika baki da iska, ya ga alamar kalmar nan tata za ta fito.

"Auta!" ta ce. "Taho da gudu!"

Ya taho. Bai san inda ƙarfin ya fito ba, hawaye na shiga masa baki, gadon aurenta na kuka a ƙarƙashinsa. Zaren ya taɓa ƙirjinsa, wani ɗan taɓi mara nauyi, ya ji shi har cikin ƙashi. Sai dai ulun yanzu ba irin na da ba ne, ba ya tsinkewa. Budurwa ta saki nata gefen, zaren ya harɗe a sakata, birki ya yi ihunsa na banza, Mai Agogo ya wuce yana jan zare, rigar sanyi ta fara warwarewa a hannun Yaya layi bayan layi. Hannun riga ya tafi, ciki ya bi, tana biye da shi da sassarfa tana kiran ya tsaya, Injiniya na bayanta yana rantsuwa birkin lafiyarsa ƙalau. Da ƙyar ciyawar gefen fili ta tsayar da shi. Ta iso tana haki, babu abin da ya rage a hannunta sai wuyan riga.

Ya zaci faɗa za ta yi. Ta tsuguna, ta cire masa hular kwano, ta share masa fuska da guntun wuyan, kamar yadda take yi masa in sun dawo daga makaranta.

"Ka ji yadda yake?"

"Na ji, Yaya."

Ba a rubuta sunansa cikin waɗanda suka gama ba, saboda ya ratsa layin mutane, kuma bai damu ba. Ya cika alkawarin likita. Keken na rataye a shagon walda, Injiniya ya ƙi yarda a taɓa sakatar, ya ce ita ba ta yi laifin komai ba. Mai aski ya sauko da talabijin ya mayar da ita bangon da ake ganinta kai tsaye, mutane suka ce ƙwallon ba ta yi musu daɗi a haka, ya mayar da ita inda take. Yaya ba ta sake saƙa masa rigar sanyi ba, ta ce ya girma. Wuyan rigar yana nan a cikin akwatin gilashi, tsakanin agogunan da ba a zo karɓa ba, kuma in ka tambaye shi labarinsa zai ajiye aikinka ya ba ka tun daga farko, sannan ya ce ka dawo jibi.